Ƙoƙon Yaye

Na daɗe ina jinkirin rubuta wannan. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma ina tsoron in faɗi abin da ba haka yake ba, a rubuta mini zunubin ƙarya. To amma abin ya ishe ni.

Abu ɗaya tak nake tunawa game da mahaifiyata. Ranar da za a kai ni yaye ne, daga gidanmu na Kafin Maiyaki zuwa wurin kakata a Riruwai. Ina goye a bayan wata, Inna ta biyo mu har bakin zaure, ta gyara mini hula, hannunta yana ƙanshin daddawa. Sai ta juya ta fuskanci bango, ba ta ƙara kallona ba. Shi ke nan. Kafin a dawo da ni Allah ya yi mata rasuwa, kuma ko hotonta babu.

Na girma ina ba da wannan labari, har na bai wa 'ya'yana. Sai wata rana a gidan suna a Kiru, yayata, wadda ta girme ni nesa ba kusa ba, ta katse ni a gaban mata.

"Auta, ki ji tsoron Allah. Ko shekara biyu ba ki cika ba. Ni ce na goya ki ranar, ni kuma na ba ki labarin."

"Ƙanshin daddawar fa, Yaya?"

"Duk garin wa bai san Inna tana daddawa ba? Har rubutun dangana malam ya yi miki, aka wanke allo kika shanye don ki manta da nono da mai nonon. Sannan ki ce kin tuna?"

"To juyawar da ta yi ga bango fa?"

"Ni ban ga wannan ba, gabana nake kallo. Ke dai kika ƙara gishiri."

Mata suka yi ta dariya. Ni ko abincin sunan ban iya ci ba. In gaskiyar Yaya ce, ba ni da komai na Inna ke nan, sai aron abin da wata ta gani.

Na tambayi malamin unguwarmu. Ya ce ba ƙarya ba ce tunda ban yi da niyya ba. Na gode masa, amma ba ita ce tambayata ba. Na tambayi wata malamar asibiti a Tudun Wada lokacin da na je awon jini. Ta ce jariri yana gane muryar uwarsa da ƙanshinta tun da wuri, amma abin da ya faru kafin yaro ya iya magana sosai yawanci ba ya zama. Na ce, "Yawanci, ko kullum?" Ta ce, "Baba, akwai mutane a layi."

Ana nan sai 'yata da ke aure a Bebeji ta kawo mini 'yarta yaye. Nan dabara ta zo mini. Na ce bari in gwada da kaina. Na karɓo mata rubutun dangana kamar yadda aka yi mini, don kada a ce akwai bambanci. Na sayo ɗan ƙoƙo mai zanen tsuntsu. Kullum da safe sai in kai ta bayan ɗaki, daga ni sai ita, in ƙwanƙwasa ƙoƙon da ludayi, sannan in ba ta kunu. Ko mai gidana ban gaya wa ba. Nufina, in ta girma ta gane ƙoƙon ba tare da kowa ya ba ta labari ba, to ni ma abin da nake tunawa nawa ne.

Na sa mata ido sosai. Da farko duk macen da ta yi sallama sai ta waiga, in ba uwarta ba ce ta fashe da kuka. Daga baya ta daina waiga. Ranar da uwar ta zo ɗaukarta, yarinyar nan ɓuya ta yi a bayana. Sai da aka ɗora ta a cinya, ta cusa hanci a jikin uwar, sannan ta ƙanƙame ta. Na rasa ko murna zan yi ko tsoro.

Na naɗe ƙoƙon a tsohon zane na tura ƙasan adaka. Shekara da shekaru ina buɗewa in duba ko gara ta taɓa shi. Na yi ta cije baki in yarinyar ta zo. Sai da ta shiga firamare, ta zo mini hutu, na fito da shi na ajiye cikin kwanuka kamar ba komai. Yaya tana nan ta kawo ziyara, tana tsince shinkafa a tabarma.

Yarinya ta zo wucewa, ta tsaya.

"Kaka, ga ƙoƙona na yaye! Mai tsuntsu! Wanda kike ƙwanƙwasawa da ludayi!"

Hawaye ya cika mini ido. Amma halina bai bar ni ba, na ce, "Ƙawata, wa ya gaya miki?"

"Babbar Kaka."

Yaya ko ɗagowa ba ta yi ba. "To mene ne? Na zo gaishe ki a lokacin, na leƙa na gan ku a bayan ɗaki kina ƙwanƙwasa ƙoƙo kamar mai kiran aljanu. Da sallah na ba ta labari, ta yi ta dariya."

"Yaya! Kin san shekarun da na yi ina jira?"

"Wa ya aike ki? Da kin faɗa mini da na yi shiru."

"Da na faɗa miki da duk Kiru ta ji!"

Da na huce na jawo yarinyar, na ce ban da abin da aka gaya mata, me ita take tunawa? Ta ce akwai wata akuya mai baƙin kunne da take lashe mata hannu. Abin haushin, ni da nake babba a lokacin, na kasa tuna ko mun taɓa yin irin wannan akuyar.

Saura mini juyawar nan ga bango, wadda Yaya ta ce ba ta gani ba. Don Allah, dattawan Kafin Maiyaki da kewaye, a da al'ada ce uwa ta juya baya in za a tafi da ɗanta yaye? In al'ada ce, wataƙila a wurin wasu matan na gani na liƙa wa Inna. In ba al'ada ba ce, to da idona na gan ta. Wanda ya sani ya aiko mini ta hannun masu buga wannan. Kada dai a bi ta wurin yayata.