Buhun Takin Rami na Bakwai

Masu lambu ne suka sa wa mijina suna Jira-Tukuna, kuma wallahi sun iya sa suna. Shekara ashirin da shida ya yi yana aiki a matatar ruwan ƙazanta da ke bayan gari, inda duk abin da aka kora daga bayan gida yake zuwa ya taru. Shi ba injiniya ba ne. Ramukan shanya yake kula da su, guda goma sha biyu na siminti, inda ake zuba baƙin taɓon da ya kwanta bayan an tace ruwa. Da shebur yake juya shi, kowane rami kuma ya kafa masa sanda mai ɗauke da ranar da aka zuba. In taɓon nan ya bushe ya daɗe, taki ne na gani na faɗa, masu lambu har rububinsa suke yi. Amma ko cikin cokali ba mai ɗauka sai ya yarda.

Su ce masa, "Haba Malam, ai ya bushe! Dubi yadda ya tsattsage."

Ya ce, "A jira tukuna."

Ƙwan tsutsar ciki yake jira ya mutu. Ya sha gaya min cewa ƙwan nan ɓawonsa tauri gare shi, sama za ta bushe ƙamas amma shi yana can ƙasa cikin laima da ransa, wata da watanni. Don haka bai taɓa ɗiban samfur daga sama ba. Safar roba yake sawa, ya cusa hannu har gwiwa a tsakiyar ramin, ya kai wa matar ɗakin gwaji, wadda suke kira Mai Tabarau. Ita ke leƙa madubin da ke ƙara girman abu ta ƙirga ƙwan. Sai takardarta ta ce babu mai rai, sannan ya cire sandar.

Zamanmu lafiya lau. Ya yi wanka a wurin aiki, ya sake yi a gida, takalmansa na roba ba sa wuce bakin ƙofa. Ni kuma ina da ɗan lambuna a bayan ɗaki, latas da karas, da shi nake alfahari. To wata shekara ƙasar ta gaji, ganye ya yi rawaya, ina kallo kamar in yi kuka. Na ce ya kawo min buhu ɗaya. Ya ce rami na bakwai ne kan gaba, kuma da sauran wata biyu.

Na ce, "Baban yara, ni ma Jira-Tukunan za ka yi min? Ni matarka?"

Dariya kawai ya yi, ya ci gaba da shan shayinsa. Abin ya ƙona min rai.

Ranar da ya tafi duba yayansa a asibiti, na yafa mayafi na nufi matatar. Na sami direban motar da ke kwasar taki, na shirga masa ƙarya cewa maigidan ne ya aiko ni. Bawan Allah ya cika min buhu daga rami na bakwai, har gida ya kawo. Na ɓoye shi bayan tankin ruwa, da niyyar in watsa da safe.

Da la'asar mijina ya dawo. Ko takalmi bai cire ba ya tsaya yana shanshana iska, ya zagaya bayan tanki, ya murza takin a yatsa. Bai yi faɗa ba, ai da ya yi da na ji sauƙi. Zama ya yi a kan kujera, ya ce, "Gobe masu lambu za su ji. Za su ce shekara da shekaru ina hana su, ashe na gida nake ajiyewa."

Ni ban yi wannan tunanin ba. Mutumin nan ba shi da abin da ya tara sai wannan gaskiyar tasa. Amma bakina bai mutu ba, na ce, "Busasshe ne fa!"

Ya ce, "To gobe ki raka ni mu mayar, ki gani da idonki."

Da safe muka hau babur, buhun a tsakaninmu. Mai Tabarau ta ɗebi kaɗan, ta jiƙa, ta tace, ta juya a injinta, ni ina zaune a benci ina cika ina batsewa har azahar. Sannan ta ce, "Yaya, zo ki leƙa." Na kanne ido ɗaya na leƙa. Ga wani abu ruwan ƙasa mai kaushin baya, a cikinsa kuma wata aba ta naɗe, ina kallo ta motsa. Na yi baya ina salati.

Ta ce, "Shebur ɗin direba ya haɗo da na ƙasa. Latas ɗin naki dafa shi kike yi?"

Ɗanye muke cinsa. Farantin da nake ajiye wa jikokina shi ya faɗo min a rai.

Masu lambu sun yi layi a bakin ramuka, kuma labari ya riga ya kai musu. Mijina ya miƙa hannu zai ɗauki buhun, na ce ya bari. Ni na ja shi a ƙasa a gabansu, ina haki, na zazzage shi cikin rami na bakwai. Wani dattijo a cikinsu ya riƙe haɓa ya ce, "Ashe har matarsa sai ta jira?"

Na ce, "Har ni, Baba. Da mai magana?"

Aka fashe da dariya. Na saci kallon mijina, ya sunkuyar da kai yana gyara sandar ramin, amma na ga murmushin.

Latas ɗina na shekarar ya mutu, ban tsinki ko ganye ɗaya ba. Bayan wata biyu ya shigo da buhu a bayan babur, da takardar Mai Tabarau a aljihu. Sai da kowa ya ɗiba ya kankaro min na ƙarshe, ko rabin buhu bai kai ba. Na karɓa hannu biyu. Yanzu ya yi ritaya, shi ke ban ruwa ni ina ba da umarni, takardar kuma tana nan liƙe a bangon kicin ɗina.