Ranar da Inna ta rufe tatsuniya a tsakiya

Ko zan manta da komai na zamanmu a Woodbridge, can Amurka, ban da yammacin da mahaifiyata ta zauna a teburin wasan ɗana. Shekaru sun wuce, amma har yau in na tuna sai raina ya sosu.

Lokacin ɗana yana sakandare. A nan aka haife shi, yana jin Hausa sarai, amma ka yi masa magana sai ya mayar maka da Turanci. Yana da wani wasa da suke yi da abokansa a ɗakin ƙasa: mutum ɗaya ya riƙa ba da labari, sauran kowa ya zama wani a cikin labarin, ya faɗi abin da zai yi, sannan a jefa ɗan ludo a ga ko ya yi nasara. Ni dai shirme na ɗauke shi, tunda ya hana shi yawo ban damu ba.

Sai Inna ta zo daga Kano ganin likita. A unguwarmu ta Kano ba wanda ya kai ta iya tatsuniya. Ita da jikan nata kuwa sai tsokana, ta ce masa angon da ba ya cefane, shi kuma ya yi ta dariya. Wata rana na dawo daga asibitin da nake aiki, cunkoson hanya ya gama da ni, na tarar da shi yana haɗa jimlolin Hausa a bakin madubi. Ashe so yake Inna ta zama mai ba da labari a wasansu, ni in yi tafinta. Daɗi ya kama ni har ban tsaya tunanin komai ba.

Inna ta ce ita ba ta tatsuniya da rana, aka bari sai bayan magariba. Abokansa uku suka zo, har da wata yarinya Ba'amurkiya mai kaifin baki. Inna ta gyara mayafi ta ce, “Ga ta nan ga ta nanku.” Ɗana ya koya musu amsa, suka ce ta zo mu ji ta da karyayyen harshe, kowa ya yi dariya. Ta fara labarin wata yarinya da uwarta ta hana ta zuwa rafi saboda dodo. Aka ba Ba'amurkiyar matsayin yarinyar.

“Sai yarinya ta ɗauki tulu ta nufi rafi,” in ji Inna.

Ina gama fassarawa Ba'amurkiyar ta ce ita ba za ta je ba, ai an ce akwai dodo.

Inna ta dube ni. “To in ba ta je ba, ina labarin? Ce mata ta je.”

Aka lallaba ta je. Dodo na fitowa, wani yaro ya ce zai sare shi da gatari, ya wurga ɗan ludo, suka ɗauki ihu wai dodo ya mutu. Inna ta ce caca ake yi a gabanta ko me? Dodon nan sai ya haɗiye yarinyar, in ba haka ba ta ina za ta san ta ƙi jin maganar uwa? A wurin Inna labari na mai faɗarsa ne, mai sauraro nasa kunne. Su kuwa yaran a wurinsu labari na kowa ne, wanda aka hana shi zaɓi an zalunce shi.

Nan ɗana ya tattaro duk Hausarsa, ya ce a hankali, “Kaka, ba haka ake yi ba. Ki bar su su zaɓa.”

Wannan ce cikakkiyar jimlar Hausa ta farko da na taɓa ji ya faɗa wa wani, kuma ta faɗo a kan tsohuwa a gaban baƙi. Inna ta yi murmushi, ta ce, “Ƙurunƙus,” ta miƙe ta hau sama tana dafa bango.

Ba faɗa aka yi ba, da ma faɗan ne da an sasanta. Ita ta ɗauka kayanta sun tsufa, ba su da kasuwa a ƙasar nan. Shi kuma ya ɗauka Hausarsa ce ta ɓata komai, ya koma Turancinsa. Na ce lokaci zai gyara, ga aiki, ga zirga-zirgar asibitinta. Ta koma gida, shekara ba ta zagayo ba Allah ya karɓi abarsa.

Bayan sadakar bakwai ɗana ya same ni a kicin ya tambaye ni, da Hausa, yadda yarinyar ta fito daga cikin dodo. Ashe ni ma ban sani ba. Na ji labarin sau da yawa ina ƙarama, amma kullum barci ke ɗauke ni kafin ƙarshe. Na kira yayyena, kowa da abin da ya tuna, babu biyun da suka dace. Ranar na yi kukan da ban yi ba a ranar rasuwar.

Abin da na koya shi ne, in za ka haɗa mutum biyu da kake ƙauna a kan tabarma ɗaya, fara gaya wa kowanne al'adar ɗan'uwansa. In kuma tsoho ya yi shiru a tsakiyar magana, bi shi a daren ka roƙe shi ya ƙarasa, kada ka ce sai gobe.