Haske Biyu a Kan Dutse

Mai Nasara wanzami ne a wani ƙauye gabas da Damagaram Takaya. Da shekarar fari ta shigo, aski ya tsaya. Wa ke ta sumarsa, rumbu wayam? Mata suka koma shiga daji neman 'ya'yan anza, abincin lokacin yunwa, nesa ƙwarai, iska kuma tana shafe sawunsu kafin su juyo. Sai ya riƙa hawa dutsen bayan gari da madubin askinsa, yana haska musu hanyar gida.

Da farko abin bai yi ba. Maƙwabciyarsa Lubabatu ta ce, "Wanzam, haskenka rawa yake kamar mai zazzaɓi. Ya zo, ya ɓace. Ina muka san shi ne ko kawalwalniya?"

Matarsa Indo ce ta samo dabara. Ta ɗauko madubin aurenta, ta tsaya can ƙarshen dutsen, nesa da shi. In hucin ƙasa ya haɗiye ɗaya, ɗayan yana nan.

"Ƙara matsawa, Indo!"

"In faɗo ka huta? Riƙe naka dai, maigida, hannunka na karkarwa kamar ranar da ka fara aski."

Kowa ya sani: haske biyu, gida ke nan.

Ranar da anzarsu ta ƙare, Indo ta ce ita ma za ta bi mata. Ta miƙa masa madubinta.

"Ka nemi wanda zai tsaya wurina."

"Wa? Ƙanena Ari ko tashi ba ya iyawa. Ai hannu biyu gare ni."

Ya hau, madubi a dama, madubi a hagu, ya ware hannuwa iyakar ƙarfinsa. Amma daga nesa tazarar hannun mutum ba komai ba ce. Hasken ya haɗe ya zama ɗaya, tare yake rawa, tare yake ɓacewa.

La'asar sakaliya matan suka iso, leɓe duk a fashe. Ba Indo.

Lubabatu ta ce, "Mun ga haske, Wanzam. Na ce mu bi. Ta ce, 'Wannan ba namu ba ne, Yaya, namu biyu ne.' Ta ce bari ta hau tudu ta duba. Mun jira, mun kira har murya ta dushe."

An nema. Ko ƙwaryarta ba a gani ba.

Mai Nasara ya rayu har ruwa ya dawo, ya koma askinsa a gindin bango. Sai dai duk mai zuwa ya san ba a tambayarsa madubi. In ya gama, mutum ya shafa kansa da hannu, ya tashi.