Layin da Baba Ya Tsaya

Ina aji biyar na firamare aka yi zaɓen ƙato bayan ƙato a filin makarantarmu da ke Wunti, wata Asabar a zamanin soja. An hana motoci da babura fita, gari ya yi tsit har kana jin kukan akuyar wata unguwa. Mu yara muka ɗare katangar makaranta muna leƙe. Filin da muke sharewa kowace safiya da tsintsiyar kwakwa, inda muke buga ƙwallon tsumma da langa, ranar ya zama wani wuri dabam. An kafe hotuna biyu a jikin bishiyoyin darbejiya, an ce kowa ya tsaya bayan hoton wanda yake so. Babu takarda, babu akwati, babu labule. Fuskarka ce ƙuri'arka, kuma unguwa duka tana kallo.

Babana, Malam Sule, tela ne. Shagon da yake ɗinki na Alhaji Ɗanjuma ne, mai gidajen haya, wanda kowa ya san ɓangarensa. Ni nake kai wa Baba tuwo a shagon, in hura gawayin dutsen guga, in ɗinka maɓallan kaftani, saboda haka na ji da kunnena ranar da Alhaji ya leƙo ya ce, "Malam Sule, Asabar sai mu haɗu a inuwa ɗaya." Baba bai ɗaga kai daga keken ɗinki ba, ya ce Allah ya kai mu. Da safen zaɓen Inna ta bi shi har zaure tana cewa, "Malam, ka dubi yaran nan." Ya sa hularsa ya fita.

Daga kan katanga na ga ya wuce layin Alhaji, mai tsawo har bakin ajinmu, ya je ya tsaya a gajeren layin da rana ke duka. Wasu samari masu gora da ke jingine da bango suka daina hira. Ba wanda ya zage shi, ba wanda ya taɓa shi. Alhaji ya tako a hankali, babbar rigarsa wadda Baba ya yi wa aiki tana sheƙi, ya miƙa masa hannu suka gaisa. Ya ce, "Ashe nan kake? To, Allah ya ba da sa'a." Ban taɓa jin addu'ar da ta tsorata ni kamar wannan ba.

Abin bai zo da hayaniya ba. Sallah ta matso, lokacin da ko barci Baba ba ya samu don aiki, sai mutane suka fara zuwa karɓar yadinsu ba a yanka ba. Wannan ya ce ya fasa, wancan ya aiko ɗansa don kunya. Ni nake naɗe shaddar in miƙa. Kafin damina ta kama, Alhaji ya aiko cewa ɗansa zai buɗe kanti a shagon. Aka ɗauko keken a baro aka ajiye a zaurenmu, Baba ya koma facin tsofaffin riguna. Ina gama aji shida aka kai ni garejin bakanike. Bokon da na yi ke nan, kowa ya ga rubutuna ya sani.

Yanzu ina tuƙa keke napep tsakanin Wunti da Yelwa, ɗalibai na ta gardama a bayana. Wannan ya ce a bar mutum ya yi zaɓe daga ɗakinsa ta waya, na ƙetare su aiko ta gidan waya. Wancan ya ce hanyar maguɗi ce, dole kowa ya zo da yatsansa. Ba na sa musu baki. Ba su taɓa zaman haya a gidan mai jam'iyya ba, balle su san wa zai tsaya a kansu a cikin ɗakin. Ni damuwata ɗaya ce: wa ke ganina?

Baba ya rasu bai taɓa cewa ya yi nadama ba. Ina kewar mutumin, amma ban gaji zuciyarsa ba. Har yau ba na dangwala yatsa sai na waiga.