Daga Miga Zuwa Dutse Don Jin Bugun Tauraro

Miga

Ana idar da sallar asuba na fito, ko koko ban tsaya sha ba. 'Yata Hauwa'u, da ke karatun kimiyya a jami'a a Dutse, za ta yi bayanin bincikenta gaban malamanta da hantsi. An kuma ba ta gurbin ƙaro karatu a Afirka ta Kudu, ni kuwa na ce ba inda za ta sai na ji da kunnena abin da za ta je nema.

A tasha mota ta ƙi cika. In zauna, in tashi, in zaga, in dawo. Sai da rana ta fito muka ɗaga.

Jahun zuwa Kiyawa

Ruwan da aka kwana ana yi ya cinye gefen titi, muka riƙa tafiya kamar masu rakiyar amarya. Bayan Jahun aka tsayar da mu a shinge ana duba takardu.

"Direba, roƙe su mana, ana jirana."

"Baba, kowa a motar nan ana jiransa."

Dab da Kiyawa taya ta yi faci. Ban jira ba, na tare ɗan acaɓa, na naɗe babbar rigata na haye.

Dutse

Na isa jami'a na tarar an watse. Hauwa'u na tsaye ƙarƙashin darbejiya, idonta ya yi ja.

"Baba, ina bayani ina duban ƙofa."

Na karɓi jakarta, muka nufi bakin titi.

Takur

A gidan yayata Asabe da ke unguwar Takur muka sauka. Ta kawo dambu, na kasa ci. Hauwa'u ta kunna wayarta, sai ga wani sauti, ɗif, ɗif, ɗif, ba ya sauri ba ya lafawa.

"Bugun tauraron da nake bincike a kansa ke nan, Baba. Wani ƙaton tauraro ne ya fashe. Cibiyarsa ta dunƙule, faɗinta bai kai daga nan zuwa Kiyawa ba, amma ta fi rana nauyi. Maganaɗisu ce mai kai biyu, kowane kai yana feso igiyar rediyo."

Ta saki labule, ta ɗaure tocila biyu gindi da gindi, ta ɗan karkata su, ta shiga juyawa da su a tsakar ɗaki. Duk sanda hasken ya gifta fuskata sai ta ce, "Ga bugu ɗaya." Yaya Asabe na ta salati tana janye kwanuka.

"Kunne ba ya jin bugun, sai an mayar da shi sauti irin wanda ka ji a waya. Wasu manyan farantai irin na tauraron ɗan'adam ne ke kama shi, kuma suna can inda aka kira ni."

"To me ke haddasa feshin a kawunan?"

Ta tsaya tana haki. "Har yau ba a gama ganewa ba, Baba. Shi nake so in je in nema."

Yaya Asabe ta dube ni. "Kai dai tsoro kake ji. Faɗi gaskiya."

Na ce tsoro nake ji.

Komawa

Washegari na biyo motar hantsi. Tun daga Dutse nake ciro waya don in kira Hauwa'u, ina fasawa ina mayarwa aljihu, fasinjan kusa da ni har ya tambaya ko lafiya. Na shiga Miga ana kiran azahar. Mahaifiyarta na bakin zaure, ko sannu da zuwa ba ta yi mini ba.

"Malam, yaya aka yi?"

"Ki fara daka mata yaji da kuka. An ce can babu."

Ta juya ciki da sauri tana goge ido da gefen mayafi. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na gode wa Yaya Asabe da masauki.