Saitin Doguwar Hanya

A shekarun da na fi cin littattafan soyayya, ni kaɗai ne a garejina a Dutse. Abokin aikina ya koma noma a Miga, ya bar ni da benci da tsohuwar rediyo. In babu aiki sai in kishingiɗa da littafi, ina jiran ranar da wata za ta tsaya da mota ta dube ni yadda ake duban mutanen cikin labari.

Wadda ta tsaya malamar asibiti ce, da wata ƙaramar mota mai yawan ɗaukar zafi. Ba ta yi mini irin wannan kallon ba, amma ta riƙa dawowa, yau birki, gobe fanka. Injiniya take ce mini don zolaya. Ni kuwa duk kalaman da na haddace, da na hango ta sai su watse, in tsaya a kan "Malama, ya aiki?"

A bakin mai shayin layinmu na ji cewa an ba ta zaɓi, ko ta zauna a Dutse ko ta karɓi canjin aiki zuwa Kano. Na so in san wanda ta ɗauka kamar raina zai fita, amma da wane matsayi zan tambaya?

Lokacin motar tana hannuna. Zafi ya lanƙwasa kan injin, an kankare shi, sai taimin, wato daidaiton bugun injin, ya ƙi zama, ya faɗa tsakanin haƙori da haƙorin giya. Na sa aka kawo mini giya mai saiti, irin wadda ake sassauta notocinta a murɗa ta kaɗan ba tare da an cire bel ba. In ka tura ta gaba, mota ta yi ƙarfin tashi a cikin gari da cikin yashi. In ka ja ta baya, sai ta saki jiki a kan kwalta. Duk wanda zan ɗaura wa ita sai na tambaye shi inda ya fi bi, don haka wannan karon tambayar ta halatta gare ni.

Ta zo da la'asar. Na ce ta shiga ta tayar, tunda ba ni da mai riƙe mini totur.

"Yau ni ce yarinyar gareji ke nan? Nawa ne albashin, Injiniya?"

"Sai na ga aikinki, Malama."

Ta yi dariya, ta taka. Na sunkuya cikin injin don kada ta ga fuskata.

"Saitin cikin gari zan yi miki, ko na doguwar hanya?"

Ta ɗaga ƙafa, ƙarar ta sauka.

"Yi na doguwar hanya," in ji ta a hankali.

Na ja giyar baya, ina sauraro, har injin ya kwantar da murya. Ban taɓa yin saiti mai kyan wannan ba. Na ce ta dawo bayan mako in ƙara ɗaure notocin.

"Ai ba zan kai mako ba. Zan sa a duba a can."

Kafin in rufe bonet, na tsoma tsinke a farin fenti na ɗiga a bakin giyar, don duk bakaniken da zai buɗe ta a Kano ya ga inda na tsaya, kada ya taɓa.