Jujin Gwaggo Rahila

Duk wanda ya san Gwaggo Rahila a Tasawa ya san ba ta wuce kashin akuya a hanya. Ko da kayan Lahadi a jikinta za ta duƙa, ta tsince shi ɗaya ɗaya, ta ƙulle a bakin zane. Ni ɗiyar ƙanenta ce, a hannunta na girma, kuma na sha kunya har na gaji na daina.

Kun tuna ranar da fasto ya tsaya da wa'azi yana shinshinar iska? Da aka tashi ya ja ta gefe.

"Mama Rahila, majami'a ɗakin Ubangiji ne fa."

"To akuyar, wa ya yi ta, Fasto?"

Bai sake tayar da maganar ba.

Ba hauka ba ne, ko da yake ya yi kama. Fari ya kashe mata awaki kaf, gonarta ta hanyar Maijirgi ta zama rairayi zalla. Abin da ya rage mata na taki shi ne jujin ƙofar gidanta: toka, ƙaiƙayi, ɓawon gyaɗa, da abin da take tsincewa. Mu biyar muke ci a gidan, duk yaran da ta ɗauko riƙo, kuma daga jujin nan tuwonmu yake fitowa.

Sai ga mulkin soja da son tsabta. Mai shela ya zaga gari: daga yau ba juji a ƙofar kowa, an kafa rabin ganga a kowace unguwa, a zuba shara a ciki, mota za ta kwashe. Da gardawan gwamnati biyu suka iso da shebur, sai suka tarar da Gwaggo a ƙolin juji, ta shimfiɗa tabarma tana kaɗi.

"Tsohuwa, sauko! Oda ce daga sama."

"Ni ma sama nike, ɗana. Mi aka ce?"

"Gwamnati za ta kwashe shara."

"Gwamnati ta zuba ta? Shekara ukku ina tara abuna. In kwashewa za ku yi, ku haɗa da ni, ban da nauyi."

Wallahi lokacin ba a wasa da mai kaki. Suka tafi suka dawo su shida. Suka ɗauke ta da tabarmarta kamar amarya suka ajiye a gefe, tana ta sa musu albarka irin wadda ba a so, suka kwashe jujin tas. Ranar ce kaɗai na ga hawayenta, ta ce mini toka ce ta shiga idonta.

Kwana biyu tana gida. A na uku ta aro amalanken jakin maƙwabcinmu Malam Idi, ta tsaya gaban gangar unguwa da rana tsaka, ta juye ta kaf, ta tsince gwangwani da kwalba ta mayar musu, ta nufi gona. Washegari ta yi ta unguwar mahauta. Jibi ta bakin kasuwa! Ba a yi sati ba aka kai ta gaban kwamanda, laifinta satar sharar gwamnati. Na bi ta.

"Ke ce mai kwashe mana shara?"

"Ni ce, ranka shi daɗe. Kun ɗauki tawa, na zo ramuwa."

"Ba ki san akwai mota ba?"

"Na ji labarinta. An ce ba ta da mai. Jakin Malam Idi kuwa bai taɓa tambayata esansi ba."

Wani gardi ya tuntsire da dariya, ya mayar da ita tari. Kwamanda ya leƙa ta taga, ga gangar ƙofar ofishinsa ta cika ta zube, ƙudaje na biki a kai.

"Tsohuwa, ita waccan yaushe za ki zo mata?"

"Taku takarda ce zalla, ɗana. Gero ba ya cin takarda."

Haka aka sake ta, ba wanda ya ƙara tare ta.

Da damina ta zo, ruwan bai taka kara ya karya ba, amma gonar Gwaggo ta yi gero. Da rumbunan unguwa suka ƙare, sai ta riƙa bi gida gida da ƙwarya. Malam Idi ya fara godiya, ta katse shi.

"Kai, rufa mani baki! Ba kyauta ba ce. Shararku ce na maido maku."

Ranar da muka binne ta, masu zuwa masallaci sun fi masu zuwa majami'a yawa a bakin kabari. A hanyar dawowa na ga kashin akuya a ƙasa, ban san lokacin da na duƙa ba. Malam Idi ya gan ni, ya kau da kai yana share ido.

Gwaggo, ke da ba ki taɓa yarda a ce wani abu ya zama na yarwa ba, Ubangiji ya tsince ki yadda kika tsince mu, ya ba ki hutu a wurinsa. Amin.